Buhun Taki Ya Gaza Kilo 50: Yadda Ake Gwajin Zato da Malafar Gauss

Ranar wata Laraba, ana gab da faɗuwar damina, Yaya ya kira ni daga shagonsa na taki a Funtuwa, murya a sama. Wani manomi ya dawo masa da buhun NPK, ya ce ya ɗora a sikeli ya ga kilo 49, alhali 50 aka rubuta a jiki. Ya yi ta faɗa a bakin shago har mutane suka taru. Yaya kuwa ya san bai taɓa kwance bakin buhu ba, saboda haka a ganinsa dilan da ya kawo masa tirelar ne ya cuce shi, kuma gobe da sassafe zai je ya same shi.

Na ce, "Yaya, dakata tukuna. Buhu nawa ka auna?"

Ya ce, "Wannan ɗin mana. Bai isa ba?"

Bai isa ba. Ni malamin lissafi ne a sakandare, da yamma kuma ina zama da 'yan foli da 'yan jami'a waɗanda darasin ƙididdiga na shekarar farko ya sha wa kai. Tun daga waccan daminar, da buhunan Yaya nake koya musu gwajin zato, wato yadda ake auna samfuri a yanke hukunci ko wata da'awa tana da hujja, don na lura ɗalibi yana iya haddace dabara goma ya shiga jarrabawa bai san tambayar da yake amsawa ba. Na ɗan daidaita lambobin don lissafin ya fita sumul. Ɗauko takarda da biro da kalkuleta da jadawalin z mu yi tare, don wannan ba karatun kwance ba ne.

Fara zana malafa

Injin da ke cika buhu ba ya zuba kilo 50 cif kowane lokaci. Wani buhun ya ɗan haura, wani ya ɗan gaza, ko da kamfanin na tsoron Allah. Da za ka auna buhu dubu, ka ja layi a takarda, masu sauƙi a hagu, masu nauyi a dama, ka riƙa ɗiga ɗigo a kan nauyin kowane buhu, abin da zai fito yana kama da malafa da aka kife a ƙasa: tudu a tsakiya, gefe biyu suna gangarowa daidai wa daida suna sirancewa. Turawa da ƙararrawa suke kwatanta shi, a littafi kuma za ka ga nomal distiribushan. Ni malafa nake cewa, yarana ma sun saba.

Lambobi biyu ne ke riƙe da malafar. Akwai μ, ana karanta ta miyu, ita ce matsakaici, inda ƙoƙon malafar yake. Akwai σ, sigima, ita ke faɗa maka yadda nauyin buhuna ke warwatsuwa daga tsakiya. Sigima ƙarama, malafa tsukakkiya mai tsini. Sigima babba, malafa shimfiɗaɗɗiya. A namu aikin mu ɗauka μ kilo 50 ce, σ kuma kilo 0.8.

Ga abin da ya wajaba ka haddace kamar lambar wayarka: kusan kashi 68 cikin 100 na buhuna suna tsakanin sigima ɗaya hagu da dama, kashi 95 tsakanin sigima biyu, kashi 99.7 tsakanin sigima uku. Wato a nan kashi 68 suna tsakanin 49.2 da 50.8, kashi 95 kuma tsakanin 48.4 da 51.6. Wannan ita ce fitilarka. Duk amsar da kalkuleta ya ba ka, haska ta da waɗannan lambobi uku, in ta yi hannun riga da su to ka yi kuskure a wani wuri.

Ana danganta malafar da Carl Friedrich Gauss, Bajamushen da ya yi aiki da ita a 1809 wajen kurakuran awon taurari, har Jamusawa suka buga hotonsa da zanenta a takardar kuɗinsu ta mak 10. Amma Abraham de Moivre ya riga shi, tun 1733, yana lissafin jefa kwabo. Kada kuma ka ɗauka komai na duniya malafa ne. Tsayin mutane da nauyin buhun inji sun yi kusa da ita. Samun 'yan kasuwa bai yi ba: shiga Kantin Kwari ka ga, masu ƙaramin jari tuli, manyan 'yan kaɗan can nesa a dama, jelar ta yi tsawo a gefe guda.

Buhu ɗaya

Tambayar farko: idan injin lafiyarsa lau, sau nawa buhu zai fito ƙasa da kilo 49?

Kafin ka taɓa kalkuleta, zana malafa. Rubuta 50 a ƙarƙashin ƙoƙon. Sa alamar 49 a hagu. Shafe duk abin da ke hagun 49 da biro. Wannan wurin da ka shafe shi ake tambaya. Na sha rage wa ɗalibai maki a gwajin aji don ba su yi zanen ba, suna ta ƙorafi, amma yawancin kuskuren da nake gani a takardun jarrabawa daga nan yake: mutum ya nemo gefen dama alhali hagu ake so.

Sai ka mayar da 49 zuwa z. Ita z ba wani abin tsoro ba ce, tana faɗa maka sigima nawa ne tsakanin lambarka da tsakiya.

z = (x − μ) ÷ σ = (49 − 50) ÷ 0.8 = −1.25

Alamar ragi na nufin hagu. Yanzu jadawali. Nemi 1.2 a layin gefe, nemi 0.05 a layin sama, inda suka haɗu nan ne amsarka. A nan akwai rami, kuma ya cinye mutane da yawa, don jadawalin iri biyu ne ke yawo a littattafai. Wani yana ba da faɗin wuri tun daga ƙarshen hagu har zuwa z, sai ka ga 0.8944. Wani daga tsakiya yake farawa, sai ka ga 0.3944. Yadda za ka gane wanda ke hannunka: duba lambar farko, ta z = 0.00. In 0.5000 ce, irin na farko ne. In 0.0000 ce, na biyu ne. Da na farko ka cire 0.8944 daga 1, da na biyu ka cire 0.3944 daga 0.5. Duk hanya ɗaya suke fita, 0.1056. Tunda malafar hagunta da damanta ɗaya ne, jelar da ke sama da 1.25 daidai take da wadda ke ƙasa da −1.25.

Mai kwamfuta ya buɗe Excel ya rubuta =NORM.S.DIST(-1.25,TRUE). Mai Casio fx-991ES Plus zai samu P( a ƙarƙashin Distr in ya shiga STAT. Amma ka koyi jadawali tukuna, don shi za a miƙa maka a ɗakin jarrabawa.

To me 0.1056 ke nufi? Kusan buhu 1 cikin kowane 10 zai gaza kilo 49 ko babu wanda ya yi ha'inci. A tirela mai buhu 600, kusan 63 ke nan. Wasu 63 ɗin kuma sun haura 51, sai dai ba a taɓa jin manomi ya dawo da buhu don ya yi masa yawa ba. Da na faɗa wa Yaya haka ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato kai ma bayan dila kake." Na ce a'a, ranar Asabar ina zuwa, ya samo mana yara biyu masu ƙarfi.

Gwada da kanka kafin ka wuce: buhu ƙasa da kilo 48. Ya kamata ka samu z = −2.5, faɗin wuri 0.0062, wato kusan 6 cikin 1,000. Wani lokacin kuma sukan juya tambayar, su ce wane nauyi ne kashi 5 cikin 100 na buhuna ke ƙasa da shi. Sai ka shiga cikin jadawali ka nemo z ɗin da ya bar 0.05 a jela, shi ne 1.645, ka koma baya: 50 − (1.645 × 0.8), kusan kilo 48.7.

Daga buhu ɗaya zuwa 36

Ranar Asabar ɗin, yaran suna zuwa suka nufi buhunan da ke bakin ƙofa, ɗayansu ma har yana tattaɓa su yana neman wanda ya fi lafewa. Na hana. In ka zaɓi ramammun buhuna ka auna, ka riga ka yanke hukunci kafin a zauna shari'a. Muka ba kowane jeri da kowane hawa lamba, muka rubuta a 'yan takardu, muka zuba a hular Yaya, ƙaramin ɗansa yana zaro mana. Wasu buhunan sai da aka sauke guda takwas kafin a kai gare su, yaran suna ta gunaguni, warin taki ya cika shago. Mun auna 36. Matsakaicinsu ya fito kilo 49.7.

Nan ne wurin da nake so ka daɗe. Matsakaicin buhu 36 ba ya rawa kamar buhu ɗaya. Buhu ɗaya yana iya faɗowa 48.5, amma kafin matsakaicin 36 ya faɗo nan sai kusan dukkansu sun haɗa baki sun gaza. A al'ada masu nauyi suna cike gurbin marasa nauyi. Saboda haka matsakaici yana da tasa malafar, cibiyarta nan dai a 50, amma ta fi tsukewa. Sigimarta ita ce σ ÷ √n, inda n yawan abin da ka auna, √n kuma lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka n.

0.8 ÷ √36 = 0.8 ÷ 6 = 0.133

Wani abin ban sha'awa, wanda Laplace ya nuna a Faransa a 1810: ko da ainihin abin da kake aunawa bai yi siffar malafa sosai ba, matsakaicin samfuri mai yawa yana matsowa kusa da ita. Shi ya sa littattafai ke yawan cewa n ya kai 30. Wannan 30 ɗin al'ada ce ta sauƙaƙawa, in jelar abin ta yi tsawo sosai a gefe ɗaya tana iya gazawa.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan matakin shi ne mantawa da √n. Ɗalibi ya raba −0.3 da 0.8, ya samu −0.375, ya ce babu komai. Wannan amsar buhu ɗaya ce. Duk inda ka ga an ce an ɗebi samfuri an fitar da matsakaici, kunnenka ya tashi.

Zaman shari'a

Gwajin zato shari'a ce, kuma ƙa'idarta mun haddace ta tun a Islamiyya: hujja tana kan mai da'awa. Ana fara ɗaukar wanda ake tuhuma a matsayin mara laifi, mai ƙara ya kawo abin da zai gamsar da alƙali.

Zaton asali, H0, shi ne babu abin da ya faru: μ = 50. Da'awa, H1, ita ce abin da mai ƙara ke faɗa: μ < 50. Alamar daidai kullum a H0 take zama. Kuma μ ake rubutawa a zato, matsakaicin duk buhunan tirela, ba 49.7 ɗin da ka samu ba. Shi 49.7 ka riga ka san shi, babu abin gwadawa a kansa.

Daga kalmomin tambaya za ka gane jela nawa ce. Yaya gazawa ce ta dame shi, don haka jela ɗaya, ta hagu. Injiniyan kamfanin da ke son sanin ko injinsa ya kauce, gazawa da wuce gona da iri duk asara ce gare shi, sai ya rubuta μ ≠ 50, jela biyu. "Ya ragu", "ya gaza", "ya ƙaru", "ya fi" duk jela ɗaya ne. "Ya canza", "ya bambanta" jela biyu.

Sai α, alfa, iyakar da ka ja tun kafin ka ga sakamako. In ka ce 0.05, kana cewa ka yarda a irin wannan shari'a sau 5 cikin 100 ka kama mai gaskiya. Wannan 0.05 ba saukakkiya ba ce daga sama. Ronald Fisher ne ya yaɗa ta a littafinsa na 1925, don ta zo da sauƙi, kusan sigima biyu. Abin da ke ba ni dariya shi ne shi ma taki ne ya kai shi ga wannan: a 1919 aka ɗauke shi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ake gwajin taki a gonar alkama tun 1843, aka tula masa lissafin amfanin gona na shekaru da dama ya warware.

Lambobi huɗu za su yi ta dawo maka, gara ka riƙe su. A alfa 0.05, iyakar jela ɗaya 1.645, ta jela biyu 1.96. A alfa 0.01, jela ɗaya 2.33, jela biyu 2.58.

Mu da Yaya 0.05 muka tsayar, a bayan wani rasit na rubuta, kafin a ɗora buhun farko. Yanzu lissafi:

z = (49.7 − 50) ÷ 0.133 = −2.25

Zana malafa kuma, sifili a tsakiya wannan karon. Ja layi a −1.645, shafe hagunsa. Ina −2.25 ta faɗa? Cikin wurin da ka shafe. Mun yi watsi da H0.

Hanya ta biyu ita ce ta p, wato faɗin jelar da ke bayan z ɗin da ka samu. Jadawali ya ba 2.25 lambar 0.9878, ka cire daga 1, saura 0.0122. Tunda ta gaza 0.05, hukuncin bai canza ba. Da jela biyu ce sai ka ninka, 0.0244.

Kada ka tsaya a "mun yi watsi da H0". Rubuta da maganar mutane: a alfa 0.05, akwai isasshiyar hujja cewa matsakaicin nauyin buhunan ya gaza kilo 50. Wannan jimlar maki gare ta a jarrabawa, kuma ita kaɗai Yaya ya ji a duk abin da na yi.

Ka lura da wani abu. Da 0.01 muka zaɓa, iyaka −2.33 ce, −2.25 ba ta kai ba, dila ya sha. Lambobi ɗaya, hukunci biyu. Shi ya sa ake tsayar da alfa da yawan jela tun farko. Wanda ya jira ya ga z sannan ya zaɓi iyakar da za ta ba shi abin da yake so, ya yi irin na mai harba kibiya sannan ya je ya zana da'ira inda ta sauka. Ina ganin wannan a furojet ɗin 'yan shekarar ƙarshe fiye da yadda nake so.

Abin da p ke faɗa, da abin da ba ta faɗa ba

Wata ɗalibata mai ƙoƙari ta taɓa ce mini, "Malam, wato yiwuwar dilan yana da gaskiya kashi 1 cikin 100 ne kawai." Kusan kowa haka yake fara ɗauka, kuma ba haka ba ne. Abin da 0.0122 ke cewa shi ne: da a ce buhunan da gaske matsakaicinsu 50 ne, da za a yi ta ɗibar 36 ana aunawa, kusan sau 12 cikin 1,000 ne za a samu 49.7 ko ƙasa da haka. An fara da ɗaukar H0 gaskiya ce, sannan aka tambayi wahalar samun abin da aka samu. Juya maganar ba ya halatta. Kusan duk alhajin zamanin nan ya shiga jirgin sama, amma ba duk wanda ya shiga jirgi ne alhaji ba. Wannan ruɗanin ya yi yawa har a tsakanin manyan masu bincike, sai da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a kansa a 2016.

Haka nan p ba ta faɗar girman ɓarna. Wannan lissafin daban ne, kuma ɗan kasuwa ya fi malami saurin yin sa. Kafin in rufe littafina Yaya ya riga ya buga: kilo 0.3 sau 600, kilo 180, fiye da buhu uku da rabi a tirela. In da buhu dubu goma ka auna, ko gazawar cokali biyu tana iya fitar da p ƙarama, amma ba wanda zai tada jijiyar wuya a kan cokali biyu.

Yanzu a ce yaran sun gaji a buhu 16, matsakaici kuma 49.7 ɗin dai. Sigimar matsakaici ta zama 0.8 ÷ 4 = 0.2, z ta zama −1.5, p kuma 0.0668. Ba ta gaza 0.05 ba. A nan ka kula da bakinka. Kada ka rubuta cewa an tabbatar buhunan sun cika. Rubuta cewa babu isasshiyar hujjar sun gaza. Alƙali ya sallami mutum don shaidu ba su isa ba, wannan bai zama shaidar cewa bai yi ba.

Kuskure biyu ke jiran kowane alƙali, Jerzy Neyman da Egon Pearson suka tsara lissafinsu a aikin da suka fitar a 1933. Na farko, ka ɗaure mai gaskiya, wato ka yi watsi da H0 alhali daidai take, yiwuwarsa ita ce alfa. Na biyu, ka saki ɓarawo. In ka matse alfa don gudun na farko, na biyu ya ƙaru. Abin da ke rage su tare shi ne ƙara yawan samfuri. In da gaske matsakaicin tirelar 49.7 ne, mai auna buhu 16 kusan sau 44 cikin 100 kawai zai kama gazawar, mai auna 36 kusan sau 73. Gumin da yaran suka ƙara bai tafi a banza ba.

In ba a ba ka sigima ba

Na ɗan yi maka sauƙi a sama, don a rayuwa da wuya wani ya miƙo maka σ. Yawanci daga samfurin kake fitar da kimarta, ana kiranta s. In haka ne, musamman in samfurin kaɗan ne, jadawalin t ake ɗaukowa. William Gosset ne ya fito da shi a 1908, yana aiki a kamfanin giya na Guinness a Dublin, inda yake fama da 'yan samfura ƙalilan. Kamfanin ba ya barin ma'aikata su buga bincike da sunansu, sai ya sa hannu da Student, wato ɗalibi. Har yau da wannan sunan ake kiran jadawalin.

Siffar t malafa ce mai kaurin gefe, don rashin sanin σ ya ƙara shakka. Lissafin iri ɗaya ne, s ce kawai ta maye gurbin σ, kuma layin da za ka duba a jadawali shi ne n − 1. Misali buhu 9, matsakaici 49.4, s kilo 1.0. Ka raba 1.0 da 3, ka samu 0.333, t ta fito −1.8. A layi na 8, jela ɗaya, alfa 0.05, iyakar 1.860 ce. Ba ta kai ba. Wanda ya yi kuskure ya ɗauki 1.645 ta z zai ɗaure mutum a kan hujjar da ba ta isa ba. Da samfuri ƙanƙane irin wannan, sai ka kuma gamsu cewa nauyin buhunan kansa ya yi kusa da siffar malafa.

Naka aikin

Ga biyu. Rufe amsar da hannu. A ce injin fiya wata yana zuba mililita 500, sigima 12. Na ɗaya, kashi nawa na ledoji ke gaza 482? Na biyu, mai gidan ruwan ya ɗebi leda 64 ya samu matsakaici 503, yana son sanin ko injin ya kauce, alfa 0.05.

Na ɗaya leda ɗaya ce, babu √n: z = −1.5, amsa 0.0668, kusan kashi 7 cikin 100. Na biyu "ya kauce" aka ce, jela biyu: 12 ÷ 8 = 1.5, z = 2.0, ta haura 1.96, p = 0.0456. Akwai hujjar injin ya kauce, amma da ƙyar ta tsallake, kuma mai hankali zai sake ɗibar wani samfurin kafin ya kira makaniki.

Shawarata, tambaya uku a rana ta fi talatin a daren jarrabawa. Kowacce ka yi, sake ta sau biyu: canza n, sannan canza jela, ka faɗi da baki inda z za ta nufa kafin ka buga. Ka kuma ware shafi ɗaya a bayan littafinka na kurakuranka, kana rubuta irin kowanne: mantuwar √n, juya jela, jadawalin da ba shi ba. Bayan mako biyu za ka ga abu ɗaya ko biyu ne ke ta maimaita kansu.

Saura labarin dila. Na koma gida ranar Asabar ɗin ina jin kaina, Yaya kuma ya sa ranar Litinin zai je da takardata a aljihu. Daren Lahadi ina kwance abu ya faɗo mini: mun tuhumi buhu, mun tuhumi dila, ba wanda ya tuhumi sikeli. Da safe na roƙi Yaya ya jinkirta, muka kira mai gyaran sikeli na cikin kasuwa. Ya zo a kan babur da ƙarafan awonsa, biyu masu kilo 20, ɗaya mai kilo 10, ya share faifan da tsumma, ya jera su a kai. Sikelin ya nuna 49.8.

Wato kowane buhu mun rage masa kilo 0.2. Matsakaicin gaskiya 49.9 ne. Buga da kanka: −0.1 ÷ 0.133 = −0.75, p = 0.2266. Babu hujjar komai. Duk lissafina na ranar Asabar daidai yake layi bayan layi, lambobin da na zuba masa ne gurɓatattu, kuma babu inda z za ta nuna maka haka.

Yaya ya zaro takardar daga aljihu, ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Malam, kuɗin mai gyara kai za ka biya." Na biya. Manomin kuma Yaya ya canza masa buhu, bayan ya sa an ɗora sabon a kan sikelin da aka gyara a gabansa. Ya nuna 50.4, mutumin ya ɗaure a bayan babur bai ce uffan ba.